Hattara da mai sayar da wayar tamokoful ta bogi a WhatsApp

Naira dubu 420. Wallahi duk lokacin da na tuna sai in ji zuciyata na tafarfasa. Dubu 420 na tura wa mutumin nan da hannuna, ya aiko mini da wayar jan ƙarfe zalla, irin wadda ake ja wa fanka, wai ita ce wayar tamokoful nau'in K. Tamokoful ita ce na'urar da ke auna zafin cikin tanda.

Kada wani ya ce mini ban san aikina ba. Shekarata 14 ina aikin lantarki a masana'antun Sharaɗa da Challawa, ba jiya na fara riƙe mitar gwajin lantarki ba. Mun ɗauke akwatin kwantirola na tandan biskit ne, wato na'urar da ke daidaita zafin tandan, muka mayar da shi ɗaki mai sanyi, tazarar mita 40, ga tamokoful huɗu, sai na nemi nadi biyu na mita ɗari-ɗari. A wani guruf na ma'aikatan lantarki na samu lambarsa, ya ce kantinsa na Legas.

Abin da ya sa na sakankance, tambayar da ya yi mini ce. Ya ce, "Injiniya, KX kake so ko KCB? Ka san ita KCB ba ta son zafin mahaɗa ya haura digiri 100." KX da KCB ire-iren wayar da ke kai saƙon tamokoful K zuwa kwantirola ne, mahaɗa kuma ita ce inda wayar ke haɗuwa da tamokoful. Ya kuma tambaya ko mai koren bawo nake so, tsarin IEC na ƙasa da ƙasa, ko mai ruwan ɗorawa na Amurka. Don Allah wa zai ji wannan ya kawo zamba a ransa? Ko a Sabon Gari ba kowane mai shago ne ya san bambancin nan ba. Na saurari saƙon muryar nan ya fi sau ashirin tun daga ranar. "Injiniya, KX kake so ko KCB?" A nan na saki jiki. Na ce KX, kore. Dubu 210 kowane nadi.

Bayan mun ja wayar, sai manaja ya kira ni gaban yaran aiki, tire-tire na biskit a jere a ƙasa, gefensu baƙi ƙirin, warin ƙuna ya cika ko'ina. Ya ce, "Malam, kai ka ja wayar nan ko wani?" Na rasa bakin magana. Allon kwantirola kuma yana nuna digiri 200 cif, ko gezau.

Wannan ma kwana na uku ke nan. Ranar da kayan suka iso tasha ni na je na karɓa, bawo kore, an buga KX a jiki, ciki kore da fari yadda ya kamata. Zaren ƙarfen fari ne sol saboda an shafa masa kuza. Na gwada da mita, ba ta yanke ba. Muka ja, muka kunna da sassafe, karatu daidai. To ina laifina?

Ga abin da ya faru, don masu tambaya. Tamokoful K ƙarfe biyu ne, nikel da kuromiyam a ƙafa ɗaya, nikel da alminiyam a ɗayar, yana ba da 'yar ƙaramar wutar lantarki, wajen maikurobolt 41 a kan kowane digiri. Dole wayar da za ta kai saƙon ta zama irin ƙarfen nan ko mai kwaikwayonsa. In ka sa jan ƙarfe, bambancin zafi tsakanin kan tamokoful da ɗakin kwantirola ya ɓace ke nan daga lissafi. Da safe duka wuraren biyu da sanyi, shi ya sa ba mu ga komai ba. Da rana ta take, mahaɗar da ke jikin tanda ta kai 75, ɗakin yana 30. Digiri 45 sun salwanta. Allo na cewa 200, ciki kuwa ya doshi 245, kwantirola na ta ƙara wuta. Har tamokoful biyu na canja da kuɗina ina zargin su, alhali lafiyarsu ƙalau.

Sai daren na uku na yanko guntu, na kara maganaɗisu a farar ƙafar. Ta gaskiya tana ɗan kama shi. Wannan ko motsi. Na murɗe bakin biyu, na kunna laita a ƙasa, mita a kan milibolt: sifili, alhali da ta gaskiya ce, da mita ta nuna wani abu. Na kankare da wuƙa, sai ga ja ya bayyana.

Na kira shi, ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren nadi, in yi haƙuri zuwa Litinin. A'a, kafin nan ma sai da ya ce kwantirolarmu ce ta lalace. Litinin ta zo ya toshe ni. Dubu 420, ban da biskit ɗin da za a cire a albashina.

Hirarmu, saƙon muryar, shaidar tura kuɗi da bidiyon laitar duk suna wayata, zan ɗora su da zarar na gama da banki da 'yan sanda.

Kada ku biya sai an ba ku guntu kun gwada da maganaɗisu da wuta. Rubutun jikin bawo ba shaida ba ne.