Agogon zamanin nan dai na gwada shi, ga gaskiyar abin da na gani

Masu tambayata kan agogon hannun nan da ake haɗawa da waya, ga sharhina bayan na jima ina ɗaure da shi. Ba zan kama sunan kamfani ba don irinsa sun cika kasuwa, suna daban a jikin kwali amma cikinsu kusan ɗaya ne, ni dai na sayi nawa a nan Kano kuma cikin masu araha ne ba irin na manya ba.

Abin da ya fara burge ni batir ne wallahi. Mu da muka ga shigowar GSM Najeriya a 2001 mun san lokacin da za ka yi wa Nokia 3310 caji ka manta da ita kwana da kwanaki kana buga wasan maciji, daga baya 1100 mai tocila ta zo ta zama fitilar gida in an ɗauke wuta. Sai aka shiga yayin BlackBerry kowa na neman PIN ɗin kowa, iPhone ta fito a 2007, Android ta biyo baya a 2008, su Tecno suka kawo mana masu layi biyu da talaka zai iya saya, sikirin na ta ƙara faɗi batir kuma na ta ƙara gajiya har ta kai yau ba ka fita sai da caja a aljihu. To wannan agogon ya tuna min da zamanin Nokia, caji ɗaya yana kai ni wajen sati in ban bar hasken a kunne ba, kuma a garin da wuta sai ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu saƙonni. In ina kan babur ko cikin cunkoson kasuwa ba sai na zaro waya ba, hannu zai ɗan girgiza in duba in ga waye, kuma duk wanda ya san yadda ake fizgen waya a titi ya san amfanin haka. Na sa masa ƙararrawar asuba, yana tashe ni da jijjiga ba tare da ya tashi yara ba. Wajen alwala ruwa bai taɓa yi masa komai ba, sai dai dole ka sassauta shi ko ka cire don ruwa ya kai ga fata, kuma in ka mayar da shi hannu da danshi robar tana sa ƙaiƙayi musamman lokacin zafi, gara ka goge tukuna.

Ƙirgen taku kam sai a hankali, motsin hannu yake ji ba ƙafa ba, shi ya sa in na shiga adaidaita a hanya mai ramuka sai in sauka in tarar ya ƙara min taku alhali a zaune nake.

Amma ga inda nake so a saurare ni sosai. Mai shagon ya ce min yana auna bugun zuciya, hawan jini har da suga. Bugun zuciya akwai yadda ake yi na gaskiya, koren hasken nan da ke walƙiya a bayan agogon yana haska fata, jini yana shanye koren haske, to daga yadda hasken ke dawowa yake gane bugun. Manyan agogo irin Apple Watch da ta fito a 2015 sun yi nisa a nan, a 2018 ma suka ƙara mata gwajin zuciya na ECG. Hawan jini kuwa wani abu ne daban. Na cire nawa na ɗaura shi a jikin robar ruwa na danna awo, wallahi sai ga lamba ta fito lafiya lau, wai robar ma jininta daidai yake. Na je kemis aka auna ni da na'ura mai matse dantse, lambar ba ta yi kusa da ta agogon ba. Maganar suga kuma ko a Amurka hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa kar a dogara da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da an huda fata ba, domin ba ta amince da ko ɗaya ba.

Abin yana damuna ne saboda na ga mutane suna saya wa iyayensu irinsa da kyakkyawar niyya, Hajiya mai hawan jini ta duba hannu ta ga lamba mai kyau kullum sai ta ce ai ta warke ta ajiye magani, wannan ba abin wasa ba ne don Allah. In Baba ko Inna na da hawan jini ku haɗa kuɗi ku sai musu na'urar dantse ta gaske, mai suga kuma a bar shi da abin awonsa na huda yatsa, asibiti ma kar a daina zuwa.

Ga matashi mai son ganin saƙo da lokaci da ƙararrawa, eh zan ce ya saya, kuɗinsa ya fita. Kafin ka biya dai ka sa mai shago ya haɗa shi da wayarka ta blutut a gabanka, ka tabbatar manhajarsa ta hau, don wasu ba sa shiri da tsofaffin Android.