LaChapelle ko Leibovitz: littafin wa za ka fara saya?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kuɗin littafi ɗaya kake da shi, kana kuma son ka koyi irin hoton nan na taurari da ake shirya wa fage har ya zama kamar mafarki, to na David LaChapelle za ka saya ko na Annie Leibovitz? In a gurguje kake son amsa, sayi At Work na Leibovitz tukuna. Amma ka daure ka karanta dalili, don akwai abin da LaChapelle ya fi ta nesa ba kusa ba, kuma abu ne da ya shafe mu kai tsaye.

Dukansu 'yan jihar Connecticut ne a Amurka. An haifi Leibovitz a 1949, ta fara aiki da mujallar Rolling Stone a 1970, ta zama babbar mai ɗaukar hotonta a 1973, sannan ta koma Vanity Fair a 1983. Shi kuwa LaChapelle a 1963 aka haife shi, kuma Andy Warhol, mai zanen da ya yi suna da zana gwangwanayen miya, ne ya ba shi aiki a mujallarsa ta Interview tun yana matashi. Ita daga aikin jarida ta fito, ta saba bin mawaƙa da kyamara tana jiran abu ya faru. Shi daga gidan Warhol ya fito, inda ake ɗaukar tauraro a matsayin haja kamar gwangwanin miya. Wannan asali bai taɓa barin kowannensu ba.

Ajiye hotuna biyu kusa da juna ka gani, dukansu a cikin bahon wanka aka ɗauke su. A 1984 Leibovitz ta sa Whoopi Goldberg a baho cike da madara, fuska da hannaye da ƙafafu kaɗai ke waje, ta zaro harshe tana dariya. Ba daga sama dabarar ta faɗo ba. A lokacin Whoopi tana wani wasan barkwanci a dandali inda take fitowa a matsayin yarinya baƙar fata mai son ta zama fara, har tana dirje jikinta da sinadarin wankin kaya. Leibovitz ta ɗauko wannan ta mai da shi hoto: baƙar mace tana ɓullowa daga cikin farin da ya kewaye ta. Wanda ya san abin da man bilicin ke yi a garuruwanmu ba ya bukatar a fassara masa. A 1996 kuma LaChapelle ya sa Tupac Shakur a ɗakin wanka, a wani hoton kumfar sabulu ta lulluɓe shi, a wani yana kwance a baho an tara sarƙoƙin zinariya a jikinsa. Mutumin da duniya ta sani da zafin kai, bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, sai ga shi an tuɓe masa wannan rigar gaba ɗaya. A watan Satumbar shekarar aka harbe shi a Las Vegas.

Whoopi maganarta ce aka ƙara wa sauti. Tupac kuwa maganar LaChapelle ce a kan suna da dukiya, aka ari jikinsa aka faɗe ta. Leibovitz tela ce da za ta gwada ka kafin ta yanka yadi. LaChapelle ya riga ya ɗinka rigarsa, kai ne za ka san yadda za ka shiga ciki. Duba sauran aikinta na wancan zamanin: Bette Midler kwance cikin jajayen furanni a 1979 saboda fim ɗinta The Rose, 'yan Blues Brothers an shafe musu fuska da shuɗin fenti, mai zane Keith Haring a 1986 ya zane jikinsa da ɗakin da yake tsaye da zane iri ɗaya har ya kusa ɓacewa a ciki. Tunani ɗaya tak, mai sauƙi, wanda ya fito daga sana'ar mai hoton. A wurin LaChapelle kuwa ko Eminem ne riƙe da nakiya, ko Britney Spears a bangon Rolling Stone na 1999 rungume da 'yar tsana, ko Kanye West da rawanin ƙaya a 2006, kafin ka gane tauraron ka riga ka gane wanda ya ɗauka. Launi ya ƙure, fata tana sheƙi kamar roba, kowace kusurwa an cusa mata kaya.

To ga inda yawancinmu muke yin kuskure, kuma saboda shi na tsawaita. Duk wanda ya ga hoton LaChapelle cewa yake yi aikin Photoshop ne, duk wanda ya ga na Leibovitz cewa yake yi haka abin ya faru. Sau da yawa akasin haka ne.

LaChapelle mutum ne mai gina fage. Kafinta da mai fenti da mai haɗa fitila suna yin kwanaki suna aiki kafin tauraro ya iso. Hotonsa na 2001 inda ƙaton burodin hambaga ya danne wata mata a titi, ƙafafunta kaɗai ake gani, abin hurawa ne na gaske aka kawo aka ajiye. Da ya yi jerin Land Scape wajen 2013, hotunan matatun mai masu walƙiya cikin dare, da gwangwanaye da tsinken shan lemo da robar naɗe gashi aka gina matatun, aka kai su fili aka kunna musu fitilu. Sai ka matso sosai za ka gane. Yana gyara launi a kwamfuta, babu musu, amma abin da ke gaban kyamara yana nan, ana iya taɓa shi. Shi ya sa inuwa ke faɗuwa daidai, hasken da ya bugi bango ja yake dawowa ja a kumatun mutum. Wannan shi ne abin da ke tona asirin hotunan da muke yanko amarya mu manna ta a gaban wani gini na Dubai: hasken jikinta daban, na bayanta daban.

Leibovitz ta baya-bayan nan kuwa gwanar haɗe-haɗe ce. A 2007 ta ɗauki Sarauniya Elizabeth ta Biyu a fadar Buckingham, an ba ta ƙasa da rabin awa. Hoton da ake ganin sarauniyar tsaye cikin baƙar alkyabba, bishiyoyi da gajimare a bayanta, ba a waje aka ɗauke ta ba. Lambun daban aka ɗauka, ita daban a cikin ɗaki, aka haɗa. A wannan zaman ne ma ta roƙi sarauniyar ta cire kambin kanta, BBC ta yanka bidiyon ta yadda ya nuna kamar sarauniyar ta fice a fusace, daga baya BBC ɗin ta nemi afuwa. Hoton nan kuma da ya zagaya wayoyinmu a Nuwambar 2022, ana gab da gasar cin kofin duniya a Katar, Messi da Ronaldo suna wasan ces a kan akwatin Louis Vuitton, aikinta ne, kuma kowannensu daban aka ɗauke shi. Ko jerin 'ya'yan wasan a kan akwatin daga wani wasa na gaske aka kwaso shi, tsakanin Magnus Carlsen da Hikaru Nakamura a 2017, wanda aka tashi canjaras. Ka ga irin zurfin shirin da ake yi wa hoton da mutum zai kalla cikin daƙiƙa biyu ya wuce.

Maganar haske a kan fata, nan kam LaChapelle nake ba wa. Leibovitz ta ƙarshen nan tana son haske mai sanyi, launi a dushe, toka-toka da kore-kore kamar tsohon zane. A kan farar fata yana kyau. A kan baƙar fata yakan kashe ta. Da hoton 'yar wasan motsa jiki Simone Biles ya fito a bangon Vogue na Agustan 2020, mutane da yawa sun yi ƙorafin cewa fatarta ta fito kamar an barbaɗa mata toka, aka kuma sake irin wannan ƙorafi a 2022 a kan hoton mai shari'a Ketanji Brown Jackson. Ni ma ra'ayina ke nan. Kai da kwastomominka duk baƙaƙe da wankan tarwaɗa ne, in ka kwafi wannan haske yadda yake, uwar amarya za ta dawo maka da hotonka. LaChapelle yana zuba haske mai ƙarfi, yana barin fata ta yi sheƙi, yana kewaye ta da launuka masu zafi, sai baƙin ya fito da jininsa. Duba yadda yake ɗaukar Naomi Campbell ko Lil' Kim.

Tunda na ambaci Naomi, akwai hotonsa na 2009 mai suna The Rape of Africa, wanda ya gina a kan zanen Venus da Mars na Botticelli. Naomi tana kishingiɗe, wani Bature yana sharar barci a kan tarin zinariya, yara ƙanana suna wasa da manyan bindigogi, ta ɓarakar bango kuma ana hango ramin haƙar ma'adinai. Kuka ne a kan yadda ake kwashe zinariyar nahiyar nan, kuma wanda ya san abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 a wuraren haƙar zinariya ba zai ce ƙarya ya faɗa ba. Sai dai ni hoton ya cika mini kyau. An yi wa wahalar kwalliya har ta dace da falon attajirin da ake zargi. Wannan ce matsalarsa a kullum: yana zagin almubazzaranci da harshen almubazzaranci. Ita ma tana da nata tabon, bangon Vogue na Afrilun 2008 inda LeBron James ya wangale baki riƙe da Gisele Bündchen, wanda aka yi ta kwatanta shi da King Kong, ƙaton gwaggon birin nan na fim.

Yanzu littattafan kansu. Na LaChapelle na farko uku ne a jere: LaChapelle Land a 1996, Hotel LaChapelle a 1999, Heaven to Hell a 2006. A shekarar ta 2006 ya bar aikin mujallu ya koma gona a tsibirin Maui na Hawaii, sai a 2017 kamfanin Taschen ya fitar da Lost + Found da Good News. Hotuna ne zalla shafi bayan shafi, kusan babu bayani. Za ka ga abin da ya yi, ba zai gaya maka yadda ya yi ba. At Work kuwa, wanda ya fito a 2008, Leibovitz ce take ba da labarin aikinta da bakinta: yadda ta ɗauki John Lennon da Yoko Ono ranar 8 ga Disamba 1980, sa'o'i kaɗan kafin a kashe shi, yadda aka ɗumama madarar Whoopi, abin da ya faru a fadar sarauniya, sannan a ƙarshe akwai sashe a kan kayan aikinta da tambayoyin da aka fi yi mata. Mai koyo da kuɗin littafi ɗaya, wanda ke magana ya kamata ya saya. In abin da ya ja ka shi ne tatsuniya da kayan ado, littafinta Wonderland na 2021 ya fi kusa da abin da ka kwatanta, a ciki akwai hotunan tatsuniyar Alice in Wonderland da ta yi wa Vogue a 2003 da Natalia Vodianova.

Abu ɗaya dole in faɗa maka kafin ka kashe kuɗinka. Littattafan LaChapelle cike suke da tsiraici, kuma yana yawan sa mutane su fito a siffar Annabi Isa (AS) da Maryam, kamar jerinsa na Jesus Is My Homeboy na 2003. Musulmi ba zai ji daɗin wannan ba, Kiristoci da dama ma sun yi tir da shi. Ba littafin da za ka ajiye a teburin situdiyo ba ne kwastoma ya riƙa buɗawa yana jiran layi, ba kuma na barin gida inda yara ke kai hannu ba. Na Leibovitz ma ba su tsira ba, Lennon tsirara yake a wancan hoton, haka Demi Moore da cikinta a bangon Vanity Fair na 1991, amma a wurinta jefi-jefi ne, a wurinsa kusan kowane shafi. In launi da ginin fage kawai kake so daga gare shi, nemi hotunan Land Scape da na gidajen man da ya gina a dajin Maui, babu mutum ko ɗaya a cikinsu, kuma darasin kafinta da fitila duk yana nan.

Wajen oda kuma ka lura da bugu. Akwai wani ƙaton littafin Leibovitz da Taschen ya fitar a 2014 a kan dala 2,500, har da teburinsa na musamman yake zuwa. Na masu tara kayan tarihi ne, kuɗin jirginsa kaɗai zai cinye abin da ka tanada. At Work ƙarami ne, kamfanin Phaidon ya sake buga shi a 2018 da ƙarin sababbin hotuna, kuma ana samun na hannu. Ka ce wa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton shafin da ke ɗauke da shekarar bugu kafin ka tura kuɗi.