Windows 7 da Lambar Sitika: A Bi Rikabari ko A Ɗora Sabuwa Daga Filash?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya. Yana da laftof Dell Latitude E6430 da ya saya a gwanjo, da sitikar Windows 7 Professional a ƙarƙashin batir. Kwamfutar ta yi nauyi, bairos ya cika ta, amma ba ya son barin Windows 7 domin tsohuwar firinta da sikana na shagonsa da ita kaɗai suke aiki. Yana so ya sani: ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ta hanyar rikabari, wato kwafin Windows da kamfani ya ajiye a wani sashe na faifan ajiyar kwamfutar, ko ya goge komai ya ɗora sabuwa daga filash da lambar da ke jikin sitika?

Malam, duka hanyoyin biyu halal ne, lasisi ɗaya suke amfani da shi, wato wanda aka saya tare da kwamfutar. Sai dai kowace da yadda take tabbatar da lasisin, kuma a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe.

Kwamfutar kamfani irin taka lambobi biyu gare ta. Akwai wadda Dell ya ɗora Windows da ita tun a masana'anta, lamba ɗaya ce da ya yi amfani da ita a kan dubban kwamfutoci. Ita ba ta neman intanet. Abubuwa uku take haɗawa: wata alama mai suna SLIC 2.1 a cikin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, da takardar shaidar kamfanin da ke cikin Windows, da ita kanta lambar. In ukun suka dace, lasisi ya tabbata nan take. Ta biyun ita ce ta jikin sitika, haruffa da alƙaluma 25 a rukuni biyar, kuma wannan taka ce kai kaɗai. Shi ya sa in ka sa manhaja irin ProduKey ta zaƙulo lambar da ke cikin Windows, za ka ga ba ta yi daidai da ta sitika ba. Kada ka rubuta ta masana'antar ka ce ka tsira. In ka shigar da ita a Windows da aka ɗora daga filash na gama-gari, ba za ta tabbata ba, domin takardar shaidar Dell ba ta ciki. Rikabari da lambar masana'anta yake aiki, filash kuwa da ta sitika.

Abu na farko da za a auna shi ne ko rikabarin ma yana nan. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc. In ka ga wani sashe mai suna RECOVERY mai girman gigabait da dama, akwai fata. Sannan ka rubuta winver. In ta nuna Ultimate alhali sitika ta ce Professional, to da alama wani mai gyara ya riga ya yi mata fomat ya ɗora ta bogi, kuma da wuya ya bar sashen rikabari da rai. Haka akasarin laftof ɗin gwanjo suke zuwa: an goge faifan ajiyarsu tun a ƙasar da suka fito, ko an sauya shi gaba ɗaya. Hanyar filash ba ruwanta da wannan, ko sabon faifai fil ka saka za ta yi.

In rikabarin yana nan, ba shakka ya fi sauƙi. A Dell kana kunna ta kana ta danna F8, ka zaɓi Repair Your Computer, sai ka nemi zaɓin da ke ɗauke da sunan Dell a ƙasan jerin. A HP F11 ne, a Acer Alt da F10, a Toshiba a riƙe sifili yayin kunnawa. Ba ka shigar da lamba, ba ka neman direba ko ɗaya, wato manhajar da ke sa kowace na'ura ta yi aiki da Windows: sauti, kyamara, wayales, maɓallan hasken fuska, duk za su dawo. Ka dai tabbata caja na jone kuma batir na riƙe wuta, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, za ka rasa tsohuwar Windows ba ka samu sabuwa ba. Aibinsa shi ne zai dawo maka da kwamfutar 2012 da duk tarkacenta: manhajar kashe bairos ta gwaji da wa'adinta ya daɗe da ƙarewa, da tsofaffin direbobi. Kuma in faifan ya fara lalacewa, kwafin rikabarin a kansa yake zaune, yana iya tsayawa a rabi.

Hanyar filash ta fi wahala, amma ta fi tsabta, kuma tana ba ka damar sauya abubuwa biyu masu muhimmanci. Na ɗaya, ka cire tsohon faifai ka saka SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, ko da mai gigabait 120 ne. A kwamfuta mai waɗannan shekaru babu gyaran da ya kai wannan sa ta sauri, kuma lasisinka bai taɓu ba, domin da babban allon kwamfutar aka ɗaure shi, ba da faifai ba. Na biyu, ka koma 64-bit in da 32-bit take ɗauke. Lambar sitika ɗaya ce ga duka biyun. Mai 32-bit ba ta ganin RAM fiye da gigabait 3 da ɗoriya, ko nawa ka saka. Amma a halinka ka fara bincika ko firintar da sikanar suna da direban 64-bit. In ba su da shi, ka zauna a 32-bit, tunda dominsu ake wannan aikin.

A ganinmu, ga mai laftof ɗin gwanjo da ta sha hannun masu gyara, filash ce mafita. Ga yadda ake yi, da wuraren da ake faɗuwa.

Kafin ka goge komai, cire batir ka ɗauki hoton sitikar da waya a wuri mai haske, ka kuma rubuta lambar a takarda. Zafi da gogayya suna cinye rubutun, kuma in ya goge babu wanda zai sake ba ka ita. Lambar Windows 7 ba ta ɗauke da A, E, I, O, U, L, N, S, Z, ko 0, 1 da 5. Saboda haka abin da ka ɗauka O ne, D ne ko Q. Rikicin da ya rage na B da 8 ne, sai G da 6. Bayan haka ka sauke direban intanet, na waya da na wayales, daga shafin Dell ta amfani da Service Tag na kwamfutar, wato lambar shaidar da Dell ya ba ta, ka ajiye a filash. Windows 7 sau da yawa ba ta gane katin intanet da kanta, kuma wanda bai tanadi direban ba zai tsinci kansa da kwamfutar da ba ta iya sauke abin da take buƙata don ta iya saukewa. Ka kwashe takardunka da hotuna zuwa wani wuri, amma kada ka kwashi fayilolin manhaja, ta nan bairos ke komowa.

Samun fayil ɗin ISO mai tsabta, wato kwafin faifan ɗora Windows a fayil ɗaya, shi ne ƙaya a wannan hanya, tunda Microsoft ya daina bayar da na Windows 7 a shafinsa. Mafi aminci shi ne faifan DVD na asali. In ka samu na Dell mai rubutun Windows 7 Professional SP1, ka yi sa'a biyu: yana ɗauke da takardar shaidar kamfanin, don haka a kan Dell zai tabbatar da lasisi da kansa kamar rikabari, ba tare da tarkacen ba. In ISO ka samu daga wani, ka guji duk mai suna irin “activated” ko “all in one”, an yi masa kutse. Na asali mai SP1 ya kai kusan gigabait 3 a 64-bit. Ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka auna shi da umarnin certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA1, ka gwada sakamakon da wanda Microsoft ya wallafa wa wannan fayil ɗin. Dole ne nau'in ya dace da sitika: lambar Professional ba ta buɗe Ultimate ko Home Premium. In ISO ɗin na wani nau'i ne, ka goge fayil ɗin ei.cfg da ke cikin jakar sources a filash, sai ya ba ka jeri ka zaɓa.

Filash mai gigabait 8 ya isa. Ka rubuta ISO ɗin a kansa da manhajar Rufus, ka zaɓi MBR a wurin tsarin faifai. In a kan Windows 7 za ka yi rubutun, Rufus 3.22 ne na ƙarshe da ke aiki a kanta. A BIOS, wanda ake shiga da F2, ka kashe Secure Boot in akwai, ka zaɓi Legacy, ka sa SATA a AHCI tun kafin ɗorawa. Wanda ya sauya wannan bayan an gama zai gamu da shuɗin fuska mai lamba 0x0000007B. F12 ke fito da jerin abin da za a tashi daga shi.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Windows 7 ba ta san USB 3.0 ba. In ka soka filash a ramin da ke da alamar SS ko shuɗin ciki, za ta fara lafiya, sannan ta ce maka direban CD/DVD ya ɓata. Babu abin da ya sami filash ɗin. Ka mayar da shi ramin USB 2.0 ka sake farawa.

Ka zaɓi Custom, ka goge sassan faifan, ka bar ta ta ƙirƙiri nata. Ƙaramin sashe mai megabait 100 da za ta yi nata ne, kada a taɓa shi. In ta nemi lamba ka tsallake tukuna, kana da kwana 30. Gara ka gama saka direbobi, ka tabbatar firinta da sikana na aiki, sannan ka yi amfani da lambar a kan ɗorawar da za ta zauna. 'Yan'uwa masu laftof daga Faransa ko Beljiyam, kamar yadda aka fi samu a Nijar da Kamaru, su lura da allon rubutu na AZERTY. In an ɗora Windows da tsarin Ingilishi, maɓallin da aka rubuta wa Q zai ba da A, na W zai ba da Z, M kuma ya koma wani wuri. Sai mutum ya yi ta zargin lamba alhali yatsunsa ne ke rubuta wani abu daban.

Tabbatarwa kuwa, ka buɗe cmd da ikon mai gudanarwa, ka rubuta slmgr /ipk da lambar, sannan slmgr /ato. In ta ƙi, lambar kuskuren za ta gaya maka dalili. 0x80072F8F na nufin agogo ko kwanan wata ba daidai ba ne, kuma a tsohuwar kwamfuta yawanci ƙaramin batirin CMOS mai riƙe agogo ne ya mutu. Ka gyara kwanan watan ka sake gwadawa, daga baya ka sauya batirin. 0xC004F050 na nufin an yi kuskuren harafi ko nau'in bai dace ba. 0xC004C008 na nufin an yi amfani da lambar fiye da ƙima, abin da kan faru in wani ya kwafe ta tun laftof ɗin na kan teburin mai sayarwa. A nan sai ka rubuta slui 4, ta fitar maka da lambar ɗorawa mai alƙaluma 54 da ake miƙa wa Microsoft a karɓo ta tabbatarwa mai alƙaluma 48. Bayan an gama, slmgr /xpr zai nuna maka ko ta tabbata dindindin.

Wurin da hanyoyin biyu suka haɗu shi ne sabuntawa. Ko wacce ka bi, Windows Update ba za ta yi aiki da kanta ba, sai ta yi ta juyawa ko ta ba da kuskure. Dalili shi ne tun 2019 Microsoft ya koma sa wa fayilolin sabuntawa hannu da wani tsari mai suna SHA-2, wanda sabuwar ɗorawa ba ta gane shi. Ka sauke waɗannan daga Microsoft Update Catalog a wata kwamfutar: SP1, wato KB976932, in babu shi, sai KB3020369 da babban ƙunshin KB3125574 na 2016, wanda ya tattara gyare-gyaren shekara biyar, sai KB4490628 da KB4474419. Ka bi wannan jerin, kana sake kunna ta duk inda ta nema.

Akwai gaskiyar da ba za mu ɓoye maka ba, Malam. Lasisi na asali ba kariya ba ne. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Chrome ya tsaya a 109, Firefox a 115 ESR. Ƙofar amfani da lambar Windows 7 a koma Windows 10 kyauta ma an rufe ta a Satumban 2023. Don haka wannan laftof ta zauna a aikin firinta da sikana. Kada a shiga banki da ita, kada a buɗe imel ɗin da ke riƙe da sauran asusunka. Filash ɗin abokan ciniki shi ne babbar ƙofar bairos a shago, saboda haka ka kashe AutoPlay a Control Panel, ka buɗe asusu maras ikon gudanarwa don aikin yau da kullum.

Ranar da komai ya daidaita, lasisi ya tabbata, firinta ta buga, ka shiga Backup and Restore ka zaɓi Create a system image, ka ajiye hoton, wato cikakken kwafin Windows ɗinka, a faifan waje tare da direbobin da fayilolin KB ɗin nan. In ta sake rikicewa, daga wannan hoton za ka mayar da ita a kan wannan kwamfutar, da lasisinta da direbobinta, ba sai ka sake cire batir kana ƙura wa sitika ido ba.