Captain Phillips: na san ƙarshen labarin, amma sai da gabana ya yi ta faɗuwa

Na daɗe ina tsallake wannan fim. A ganina labarin da aka riga aka san ƙarshensa ba zai tayar wa mutum da hankali ba, tunda duk wanda ya bi labarai a watan Afrilun 2009 ya ji yadda 'yan fashin teku huɗu daga Somaliya suka haye jirgin dakon kaya mai suna Maersk Alabama, da yadda sojojin ruwan Amurka suka ƙwato kyaftin ɗinsa, Richard Phillips. Shekaranjiya da daddare na kunna shi da niyyar in ga rabi in kwanta. Sai ga ni na cinye minti 134 a zaune, wayata tana ta ƙara ban ko dube ta ba.

Farkonsa dai ba armashi. Hirar da kyaftin yake yi da matarsa a mota kan yadda duniya ta canza, da an yanke ta ba wanda zai yi kewarta. Amma da jirgi ya tashi daga Salala ta ƙasar Oman ya nufi Mombasa, sai labari ya sha bamban. Ɗigo biyu ne kawai suka bayyana a fuskar na'urar rada, suna matsowa a hankali. Ba kiɗan tsoratarwa mai yawa, ba ihu. Katafaren jirgi maƙare da kwantenoni, mutum 20 a ciki, ba mai ko bindiga ɗaya, abin kare kansu bai wuce tiyon feshin ruwa ba. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda 'yan fashin ke ƙoƙarin maƙala tsanin ƙarfe a jikin jirgin. Igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwalensu ta sauke, tsanin ya kusa kamawa ya kuɓuce, su sake gwadawa. Da na ji ƙarar ƙarfen ya kama, sai na ga ashe na dunƙule hannu ban sani ba.

Kowa Tom Hanks, wanda ya fito a matsayin kyaftin, yake yabo, kuma ya cancanta. Ni kuwa wanda ya tafi da ni shi ne Barkhad Abdi, da ya fito a matsayin Muse, jagoran 'yan fashin. Siriri ne kamar iska za ta ɗauke shi, amma in ya kafe ka da ido sai ka sha jinin jikinka. An haife shi a Mogadishu, iyalinsa suka koma Yaman, daga baya suka zauna a Minneapolis ta Amurka, kuma bai taɓa fitowa a fim ba kafin wannan. Darakta Paul Greengrass ya hana 'yan wasan Somaliya haɗuwa da Hanks sai ranar da za a ɗauki wurin da suka faɗo ɗakin tuƙi da bindigogi, shi ya sa firgicin wurin ba ya kama da na wasa. Abdi ya samu kyautar BAFTA ta fina-finai a Birtaniya da wannan rawar. Muse ɗinsa ba dodo ba ne. Yaro ne mai ubangida a tudu yana jiran kuɗi, ya kuma san in ya koma hannu rabbana kashinsa ya bushe. An miƙa masa dala 30,000 da ke ajiye a jirgin, ya raina.

Rabin fim na biyu a cikin ɗan ƙaramin jirgin ceto mai launin lemo aka yi shi, rufaffe ruf, 'yan fashin huɗu da kyaftin da suka yi garkuwa da shi cikin zafi da gumi. Ƙaraminsu ya taka fasassun gilasai ba takalmi, ƙafarsa tana jini, sauran sai faɗa suke da juna, ga jiragen yaƙi sun zagaye su. A nan na fara jin tausayin waɗanda ɗazu nake jin tsoronsu.

Yana da nasa aibi. Kyamarar ba ta zama wuri ɗaya, mai saurin jin jiri ya yi hattara da kallonsa a waya. Abin da ya jefa masunta cikin fashi kuma an taɓa shi ne sama-sama, da 'yan kalmomi kan manyan jiragen waje da suka kwashe musu kifi. Ban da haka, wasu daga cikin ma'aikatan jirgin na gaske sun fito sun ce an zuzuta jarumtar kyaftin, domin an gargaɗe shi ya yi nesa da gaɓar Somaliya. Fim ɗin bai tsaya a kan wannan ba.

Mintunan ƙarshe ne suka biya ni duka. An harbe uku daga cikin 'yan fashin, an kama Muse, an ɗauko kyaftin, wata jami'ar jinya, wadda sojar ruwa ce ta gaske ba 'yar wasa ba, tana yanke masa riga da almakashi tana yi masa tambayoyi cikin sanyin murya. Shi kuwa baki ya ƙi haɗa magana, jiki sai rawa, da ƙyar ya iya gaya mata cewa jinin da ke jikinsa ba duka ne nasa ba. Sau biyu na mayar da wurin baya. Muse na gaskiya kuwa, a 2011 wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara 33 da wata 9.