Hattara da man gashin nan mai "haɗi 21" da ake tallarsa a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwana matan Zango. Ni mai kitso ce a unguwar Aboabo da ke Kumasi, shekarata 14 ina wannan sana'a, kuma da kunya nake rubuta wannan, domin ni ma na taya matar da ke sayar da man nan talla kafin idona ya buɗe. Duk wadda ta sayi kwalba a hannuna, don Allah ta daina shafawa daga yau, ta zo mu yi magana.

Ba zan kama suna ba, ko da ma sunan da take amfani da shi ba nata ba ne. Amma za ku gane ta. Tana sa bidiyon mata masu gashi har gadon baya, ta ce man daga Chadi ake kawo mata, wai an haɗa man kwakwa da man kaɗe da habbatus sauda da cebe (garin da matan Chadi ke shafa wa gashi) da wasu saiwoyi, har iri 21. Wai cikin mako 2 gaban goshi zai cike, karyewa ta tsaya. Kwalba sidi 150. Ba ta da shago a kasuwar Kejetia, ba ta da a Alabar, ba ta da a ko'ina. Sai kin tura kuɗi ta waya, wato MoMo, sannan yaro ya kawo miki a kan babur.

Ta iya zaɓar lokaci. Da hunturu ya shigo a Disamba, gashi ya bushe yana kakkaryewa a mataji, a lokacin ta cika mana waya da talla. Kuma ta fi bin masu jego. Kowa ya san bayan haihuwa da wata 3 ko 4 gashi kan zube, ya kuma dawo da kansa a hankali ba tare da magani ba. To idan ya dawo, sai ta ce aikin manta ne, ta roƙi hoto.

Inda ta kama ni shi ne wajen zama wakiliya. Ta kira ni da murya mai sanyi, "Anti, ke da mata ke zama a gabanki kullum, ai kin fi kowa dacewa." Rajista sidi 200, katan ɗaya mai kwalba 12 sidi 1,200. Kuɗin adashina na kwasa na tura. Lokacin da zan tura, sunan da ya fito a waya na namiji ne, na tambaya, ta ce ƙaninta ne. Na ga alama ƙarara, amma kwaɗayin riba ya rufe mini ido.

Bayan kwana 10 wata amarya da na sayar wa ta zo gyaran kai. Ina tsefe mata sai na ga fatar kan ta yi ja, ga ƙananan ƙuraje tun daga goshi har bayan kunne, wasu suna ruwa. Ta ce tun ranar farko yake mata raɗaɗi, da ta faɗa wa matar sai ta ce mata zafin shi ne alamar yana aiki. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Ƙanwata, ki yafe mini, tashi mu wanke." Washegari na raka ta asibiti, aka ba ta magani, aka hana ta kitso har fatar ta warke.

Daren nan na sa kwalba ɗaya a firji. Man kwakwa na gaskiya ko firji bai buƙata, da sanyi ya yi ƙasa da digiri 24 yake daskarewa ya yi fari. Man kaɗe kuwa dama a daskare yake, sai ya ji ɗumin tafin hannu yake narkewa. Wannan ya kwana a firji ya fito yana gudu kamar ruwa, wani jan gari ya kwanta a gindin kwalbar. Wani maƙwabcinmu mai shagon magani ya murza a yatsa ya shinshina, ya ce ya yi kama da farafin, irin man da ake shafa wa jarirai, an zuba masa turare da kala da wani abu mai yaji. A jikin takardar babu lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, babu adireshi, babu ranar lalacewa. Alhali dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta wajabta a yi wa kayan shafe-shafe rajista kafin a sayar a Ghana. Da na tura wa mai sayar da man hoton kan amaryar, ta karanta, ta toshe ni. Mako bai cika ba ta dawo da sabuwar lamba da sabon suna, kwalbar dai ita ce.

Bari in faɗi abin da na sani a sana'ata, wanda ya kamata in tuna tun farko. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 ne a wata, ko kin shafa zinariya. Mai ba ya ɗinke bakin gashin da ya tsage, almakashi ne maganinsa. Aikin mai shi ne ya tsare danshi kada ya fita, shi ya sa ake shafa shi bayan an jiƙa gashi, ba a kan busasshe ƙarau ba. Man kwakwa yana shiga cikin silin gashi, yana rage karyewa idan an shafa kafin wanki. Man kaɗe yana rufe sama, ya fi amfani da hunturu. Su kansu matan Chadi, cebe a jikin gashi suke shafawa su kitse, ba a fatar kai ba, kuma abin da yake yi shi ne hana karyewa. Sannan, mu masu kitso mu faɗi gaskiya: yawancin goshin da ya cinye, jan da muke yi ne da ƙarin gashi mai nauyi. Babu kwalbar da za ta gyara wannan muddin ana ci gaba da ɗaurewa tamau.

Man kaɗe mai kyau kuwa ba sai an je Chadi ba. Daga Tamale da Wa da Bolga yake zuwa mana, ga shi nan a ƙwarya a kasuwa, ki taɓa, ki shinshina, ki yi ciniki ido da ido da mai shi.

Wadda ta riga ta tura kuɗi, kada ta goge saƙon MoMo ko hirarsu. Ta ɗauki hotonsu, ta kira 292, layin hukumar tsaron intanet, ta kuma sanar da kamfanin layinta. Ni kwalba 5 na sayar, na mayar wa mutum 3 kuɗinsu, saura 2 da nake nema. Ragowar suna nan cikin katan, ranar Litinin da safe zan kai su ofishin FDA na nan Kumasi. Wadda ke da kwalba a gida, ko ba a hannuna ta saya ba, ta kawo mu tafi tare.