Wasiƙa daga Jamus: a wanke faifai tukuna, sannan a yi maganar garmaho

Yaya, sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton kwalin fayafayan da ka zaƙulo. Ka ce in duba maka garmaho mai kyau a nan. Zan duba, amma ka yi mini haƙuri in fara da abin da ba ka tambaya ba. Da na buɗa hoton sosai, ƙura na gani kwance cikin tsagin faifan sama har ta yi fari. Wannan faifan ko a kan garmahon sarki aka ɗora shi, ƙas-ƙas za ka ji, kuma allurar ce za ta sha wuya.

Faifai ya dawo da ƙarfinsa a ƙasashen nan. A Amurka, a 2022, yawan fayafayan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Da kasuwa ta buɗe sai kowa ya shigo da hajarsa, mai kyau da tarkace, kuma tarkacen ya fi ɗaukar ido. Ni ma da shi na fara. Na sayi wani ɗan garmaho mai kama da akwatin tafiya, da lasifikarsa a jiki, da maƙalin ɗauka. Bayan 'yan watanni sai na lura faifan da na fi so ya fara kaushi, muryar mawaƙin tana tsagewa idan ya ɗaga ta. Na kai wa wani dattijo mai gyara a wani lungu na Balin. Bai ce mini komai ba, ya ɗauko ɗan ma'auni kamar na masu sayar da zinariya, ya sauke allurar a kai, ya juyo mini da lambar. Ta haura giram 5. Ya nuna mini bayan hannun da ke riƙe da allurar, babu ƙarfen da ake murɗawa a daidaita nauyi, wato ba abin da za a iya gyarawa. Araha ba ta ado. Faifan nan har yau yana nan da kaushinsa, domin abin da allura ta kankare ba ya dawowa.

Kuskurena na biyu ruwan famfo ne. Ruwan Balin yana da ƙasa-ƙasar alli da yawa, irin wadda ke yin fari a gindin butar shayi. Na wanke fayafayai uku da shi, na jingine su suka bushe, washegari ƙarar ta fi ta da. Ruwan ya tafi, allin ya zauna cikin tsagi. Tun ranar ba na taɓa faifai sai da tataccen ruwa, wanda aka tafasa aka tara tururinsa. A nan kusan kowane babban kanti yana da shi, masu guga ma suna saye. Idan ka je nema ka tabbata ruwa ne zalla, ba wanda aka haɗa da asid don batir ba.

Wankin kansa hawa-hawa ne. Na kullum shi ne burushi mai gashin kabon, sirara fiye da gashin kai. Ka ɗora faifai yana juyawa, ka kwantar da burushin a hankali zagaye biyu ko uku, ka ja shi waje. Ba ya fitar da tsohon datti, ƙurar sama kawai yake kwashewa, yana kuma rage lantarkin nan da ke sa faifai ya riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu. Fayafayanka sun wuce nan, sai wankin ruwa.

Na gwada kwamin wanki iri biyu. Spin-Clean na Amurka ne, kwami mai launin ruwan ɗorawa, faifai yana tsaye a ciki kana juya shi da hannu tsakanin matasai biyu masu laushi, ka ciro ka goge da ƙyalle. Knosti na Jamus ne, shi da burushi yake aiki, yana da maruƙi da ke rufe takardar tsakiya kada ta jiƙe, da wurin jera fayafayai su tsane da kansu. Ni na fi son na biyun saboda takardar nan. Takardar tsakiya idan ta sha ruwa ta kumbura, tawadar ta zube, ka rasa sunan mawaƙi da lambar faifai, kuma wani lokaci ita ce rabin darajarsa. Ko wanne ka ɗauka, matsalarsu ɗaya: ruwan da ya wanke na farko shi zai wanke na ashirin. Saboda haka ina fara wanki da masu ɗan dama-dama, in bar masu dauɗa ƙarshe, sannan in zubar in sake zagaye na ɗauraya da tataccen ruwa kaɗai.

Sama da waɗannan akwai injin mai zuƙa. Ana shafa ruwan wanki, a goga, sai injin ya tsotse ruwan tare da dattin, faifai ya fito a bushe. Irin na Keith Monks a Ingila tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, BBC ma ta yi aiki da shi a ɗakin ajiyar fayafayanta. VPI na Amurka da Okki Nokki su ne aka fi gani a gidajen mutane. Aikinsu yana kyau, sai dai ƙara kamar injin share ɗaki. Maƙwabcina na ƙasa ba zai yafe mini ba idan na kunna irinsa da dare. Na ƙarshe kuma shi ne mai girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, ya haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa cikin tsagi suna ɓamɓare datti. Yawancinsu suna aiki a kilohaz 40, Degritter na Estoniya kuwa 120. Ban saya ba. Wasu shagunan faifai a nan suna da shi, kana kai naka su wanke maka a biya kowane ɗaya, kuma haka nake yi da 'yan ƙalilan da nake ji da su. Kai dai kwami ya ishe ka, ga shi ba ya neman wuta.

Abu ɗaya da nake roƙonka kafin ka zuba wa kowane faifai wani abu: ka ware tsofaffin nan masu gudun 78, wato zagaye 78 a minti ɗaya. Za ka gane su, sun fi nauyi, ba sa lanƙwasuwa ko kaɗan, idan suka faɗi fashewa suke kamar tangaran. Ba roba ba ce, da wani irin ƙaro ake yinsu, kuma sifirit yana narkar da shi. Wasu daga cikin ruwan wankin da ake sayarwa suna da sifirit a ciki. Babban faifai mai gudun 33⅓ kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948, ƙarami mai gudun 45 kuma RCA Victor a 1949, waɗannan su ne na roba. Tsagin 78 ya fi faɗi sosai, allurarsa daban ce. Idan ka sa masa siririyar allurar zamani sai ta faɗa gindin tsagi tana jan tsakuwa.

To, garmahon. Gida biyu ne. Akwai mai bel, inda injin ke gefe yana jan faranti da zoben roba, akwai kuma wanda farantin ke zaune kai tsaye a kan injin. Turawa sun fi karkata ga mai bel. Rega, da aka kafa a Ingila a 1973, da Pro-Ject na Ostiriya, wanda Heinz Lichtenegger ya kafa a 1991 ake kuma ƙera kayansa a Litovel ta Jamhuriyar Cek, su ne suka cika shagunan nan. Kayan kirki ne, ba kwalliyar banza, sautinsu a natse. Amma a kan ƙaramin Rega, idan kana son sauya gudu daga 33 zuwa 45, sai ka ɗaga farantin da hannu ka matsar da robar zuwa ɗaya tsanin. Masoyansa suna cewa wannan ma cikin daɗin ne. Ni dai na san halinka, rana ta uku za ka gaji.

Japanawa su suka kawo ɗaya hanyar. Technics ta fitar da SL-1200 a 1972, samfurin MK2 a 1979, aka daina yinsa a 2010, aka dawo da shi a 2016 saboda jama'a sun ƙi haƙura. Ƙarfe ne mai nauyi, ba ya jin wahala. Gwanjonsa yana da yawa a nan, sai dai da yawa daga ciki sun yi shekaru a hannun masu kiɗan gidajen rawa, an zuba musu abin sha, hannun ya yi lako-lako. Wanda na fi ganin ya dace da kai shi ne AT-LP120X na Audio-Technica. Bai kai Technics ƙarko ba, kowa ya sani, amma ba shi da robar da zafi zai saki, yana juya 33 da 45 da 78 duka, kan allurarsa ana kwance shi da murɗa ɗaya a sa wani, kuma yana da ƙaramin amfilifayan faifai a cikinsa.

Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Sautin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, 'yan milibolt kaɗan. Ban da haka, tun wajen yanka faifai ana rage kaurin sauti a ƙara siririn, don tsagi ya samu wuri, bisa ƙa'idar 1954 ta RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. Dole a samu abin da zai mayar da shi daidai. Idan amfilifayarka tana da rami mai rubutun PHONO, shi ke nan. Idan babu, ka haɗa kai tsaye, za ka ji kiɗa can ƙasa-ƙasa, siriri kamar daga cikin gwangwani. Akwai kuma 'yar siririyar wayar nan ta uku da mutane ke bari tana lilo. Ita ce ke kashe gurnanin da ke fitowa daga lasifika, a ɗaure ta a dunƙulen da ke bayan amfilifaya.

Wani abokina ya yi odar garmaho mai bel daga Amurka don ya ga ya fi sauƙi, ya haɗa da taransifoma, yana murna. Da ya kunna sai mawaƙiyar ta koma namiji. Wutar Turai bolt 230 ce mai bugun 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 mai bugun 60. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta amma ba ta taɓa bugun, injin nasa kuwa da bugun yake ƙirga gudunsa, sai 33⅓ ya sauko kusan 28. Japan ta fi rikitarwa: bolt 100, gabashinta har da Tokiyo bugu 50, yammacinta har da Osaka 60. Shi ya sa a nan zan saya maka, kuma mai daidaita gudunsa da kansa.

Allura ita ce inda kuɗi ke yin magana. AT-VM95E tana son giram 2, Ortofon 2M Red ta Denmak giram 1.8. Kada ka ce za ka rage nauyi don tausayin faifai, garin neman ƙiba a samo rama. Allurar da ba ta zauna ba tsalle take cikin tsagi tana dukan bangonsa, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. Masu ƙerawa kan ce a sauya ta bayan awa ɗari uku zuwa dubu, gwargwadon irinta da tsabtar fayafayan. Bakin kawai ake zarewa a sa sabo. Wajen goge ta kuma daga baya zuwa gaba ake jan ɗan burushin, ba gefe da gefe ba, in ba haka ba sandar ta lanƙwashe.

Wajen mu'amala kuwa kowace ƙasa da halinta. A Jamus, da sauran Tarayyar Turai, abin da ka saya ta intanet daga ɗan kasuwa kana da kwana 14 ka mayar ba tare da dogon bayani ba, sabon kaya kuma doka ta ba ka shekara biyu idan ya zo da aibi. Kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi babu wannan, abin da ka ɗauka naka ne. Can nake zuwa da 'yar tocila, in karkata faifai a hasken, in bi duk wani zane da farce a hankali. Wanda farce ya ji, kunne zai ji. Ingila tana da fayafayai masu yawa a shagunan sadaka, amma tun Janairun 2021 duk abin da ya tsallako daga can sai ya bi ta kwastan, na rage saye. Japanawa kuwa sun ba ni mamaki. Idan mai sayarwa ya rubuta VG+, wato faifai mai kyau sosai amma an ɗan yi amfani da shi, abin da ke zuwa sau da yawa wani a nan sabo zai kira shi. Suna zare faifan daga kwalinsa su kwantar da shi a gefe cikin leda, don kada ya tsaga bakin kwalin a hanya, har 'yar takardar nan da ke naɗe a gefen kwali, obi, suna lallaɓa ta kamar takardar gado.

Ga yadda na tsara. Cikin kayan farko zan aiko da kwamin wanki, da burushi, da ɗan ma'aunin allura, da sababbin rigunan ciki masu leda, domin mayar da wankakken faifai cikin tsohuwar takardarsa daidai yake da yin wanka a koma cikin kayan jiya. Garmahon zai biyo baya, farantinsa da ƙarfen nauyinsa a cire, hannun a ɗaure. Kafin nan ka fitar da fayafayan daga kwalin, kada ka bar su jibge a kwance, ka jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da duk inda rana ke bugawa. Ka riƙa kama su ta baki da tsakiya. Sannan ka ƙirga mini masu gudun 78 nawa ne, in san ko zan haɗo da allurarsu.

A gaida Anti da yara.