Gargaɗi Ga Masu Neman Saman Tebur Na Ƙarfe Mara Tsatsa: Kada Gwajin Maganaɗisu Ya Ruɗe Ku

Na rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwa masu haɗa teburin kicin mai taya da kansu, waɗanda suka gama da kafinta ko mai walda a kan ƙafafuwa da gangar jiki, saura saman teburin kaɗai, suna neman fallen ƙarfe mara tsatsa wanda masu sana'ar ke kira sitenles. Akwai wani mutum da ke tallar irin wannan kaya a shafukan sada zumunta, yana iƙirarin cewa yana da wurin aiki a Legas kuma yana aika kaya ko'ina a Arewa, kuma abin da ya yi mini ha'inci ne shiryayye tun daga hoton farko har zuwa ranar da ya toshe lambata. Ba zan ambaci sunansa ba, domin na riga na kai ƙorafi inda ya dace, sannan sunan ba zai amfane ku da komai ba tunda ya riga ya sauya shi. Salon da yake bi shi ne abin da nake so ku riƙe.

Maiɗakina tana sana'ar cincin da kek da zoɓo a cikin gida, kicin ɗinmu kuma ƙarami ne, saboda haka muka yanke shawarar a yi mata tebur mai taya wanda za ta riƙa murza ƙulli a kai, ta turo shi tsakar gida idan zafi ya yi yawa. Na sa aka haɗa gangar jikin, tsawo santimita 120, faɗi santimita 60, sannan na shiga neman saman da zai jure ruwa da gishiri da wanki kullum. Da na ci karo da tallar mutumin nan, sai na tarar yana magana irin ta wanda ya san aikinsa: ya ce ƙarfensa lamba 304 ne (nau'in sitenles da aka fi amfani da shi wajen kayan abinci), kaurinsa milimita 1.2, wato geji 18, kuma zai lanƙwasa bakinsa santimita 4 ta kowane ɓangare. Farashin da ya faɗa bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da aka gaya mini a Kano ba. Da na nuna shakka, sai ya turo mini bidiyo yana manna maganaɗisu a jikin wani falle mai sheƙi, maganaɗisun yana zamewa yana faɗuwa ƙasa, ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka, na gaske ba ya kama maganaɗisu." Wannan bidiyo shi ya kwantar mini da hankali, kuma a kansa ne duk damfarar ta ginu.

Ya nemi kafin alƙalami mai yawa da hujjar cewa sai ya yanka sabon falle, na tura masa. Sunan da ya fito a asusun bankin bai yi daidai da sunan kasuwancin da ke shafinsa ba, da na tambaya ya ce na ƙaninsa ne mai kula da kuɗi. Bayan kwana tara ya turo hoton kaya a naɗe cikin kwali a tasha, ya ce direba ba zai ɗora ba sai an cika sauran, na cika. Cinikin biri a sama ke nan, kuma a nan ne na rasa duk wata dama ta mayar da kaya ko riƙe kuɗina.

Kayan sun iso da kyan gani, lulluɓe da farar leda wadda aka buga wa lamba 304 a jiki, ga nauyi a hannu, an manna fallen a kan katako an rufe ƙasan da fenti ruwan azurfa. Muka ɗaura shi a kan teburin, maiɗakina ta fara aiki da murna. Ba a yi mako uku ba, lokacin kuma damina ta kankama, sai ta kira ni ta nuna mini wasu ɗige-ɗige ruwan ƙasa a wurin da take yanka lemon tsami da ajiye kwanon gishiri. Ta goge, washegari suka dawo. Kusurwoyi huɗun da aka yi wa walda suka fara zubar da jan ruwa idan an wanke, har ya ɓata mata ƙullin cincin na kwano guda wanda dole ta zubar, domin ba za ta sayar wa 'ya'yan mutane abin da ta ga tsatsa ta taɓa ba. Tsakiyar teburin kuma ta lotsa a daidai inda take danna muciyar murza ƙulli, idan ka sa tafin hannu ka danna sai ka ji yana ƙara kamar murfin gwangwani.

Na cire shi na kai wa wani dattijon mai walda a unguwarmu, wanda ya daɗe yana yi wa gidajen abinci tebura da wuraren wanke-wanke. Bai yi gaggawar magana ba. Ya sa ƙusa ya ɓamɓare katakon, sai ga shi ba katako ba ne na kirki, garin katako ne da aka matse da gam, ya riga ya sha ruwa ya kumbura. Ya ɗora fallen shi kaɗai a kan sikeli, ya nuna mini kilo 4 da 'yan kai. Sannan ya yi mini lissafin da ya kamata kowane mai saye ya sani: murabba'in mita ɗaya na wannan ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kusan kilo 8, saboda haka falle mai girman nawa, idan har milimita 1.2 ne, dole ya haura kilo 8. Abin da aka kawo mini milimita 0.6 ne, rabin abin da na biya. Ya juya bakin fallen ya ce, "Ɗana, dubi nan." Ashe an ninke bakin gida biyu an danne shi, ta yadda duk wanda ya auna daga gefe zai samu 1.2 cif, nauyin garin katakon kuma ya rufe rashin nauyin ƙarfen. Ɗora falle a kan katako ba laifi ba ne, hanya ce sananniya a wannan aiki, amma a nan an yi ta ne don a ɓoye algus.

Sai na kawo masa zancen maganaɗisu, ya girgiza kai ya ɗauko nasa ya manna a jikin wata tukunyar alminiyam da ke gefe, shi ma ya faɗi. Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na tabbatar da shi, shi ne cewa ƙarfe mara tsatsa iri-iri ne, kuma abin da ke hana shi tsatsa sinadarin kuromiyam ne, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Lamba 304, wanda aka fi amfani da shi wajen kayan abinci, yana ɗauke da kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kusan kashi 8. Nikel yana da tsada, don haka aka samar da lamba 201, inda ake rage shi a cike gurbin da manganis, kuma wannan nau'i bai kai 304 jure gishiri da tsami da laima ba. Abin lura shi ne dukansu biyu ba sa kama maganaɗisu, saboda haka gwajin da aka nuna mini a bidiyo ba ya bambance su ko kaɗan. A ɗaya ɓangaren, lamba 430 yana kama maganaɗisu sosai alhali shi ma sitenles ne na gaske, kuma ko 304 ɗin yakan ɗan ja maganaɗisu a wurin da aka lanƙwasa shi. Dattijon ya ɗiga wa fallen wani ruwan gwaji da masu sana'ar ke amfani da shi, ya ɗiga wa guntun 304 nasa, launin ya bambanta a gaban idona, ya ce nawa 201 ne. Jan ruwan kusurwoyi kuwa ya ce daga waldar ne, domin an yi ta da sandar baƙin ƙarfe maimakon waldar iskar gas ta agon da sandar sitenles, aka goge aka shafa fenti a kai.

Adalci ne in faɗi cewa 201 ba jabu ba ne a karan kansa. Ana yin ƙofofi da makarin bene da kayan ado da shi, kuma wanda ya saye shi da saninsa a farashinsa ba a cuce shi ba. Zaluncin shi ne a karɓi kuɗin 304 a kawo 201, a karɓi kuɗin geji 18 a kawo rabinsa. Lambar da aka buga a jikin leda kuma ba hujja ba ce, tunda leda ana iya manna ta a kan kowane falle.

Da na tura wa mutumin hotuna da bayanin sikeli, sai ya ɗora wa maiɗakina laifi, ya ce da bilic ta wanke ko ta goge da soson ƙarfe. Gaskiya ne cewa bilic da soson ƙarfe suna lalata ko da 304 ne, kuma ina shawartar mata su guje su, amma ita sabulu da tsumma kawai take sawa, sannan babu wankin da zai rage kaurin ƙarfe da rabi. Da na faɗa masa haka ya daina ɗaukar waya, kashegari ya toshe ni. Wani ɗan'uwana da ke Legas ya bi adireshin da ya bayar, bai samu wurin aikin ƙarfe a wannan layi ba. Bayan kwanaki na sake ganin hotunan nan da bidiyon maganaɗisun nan a ƙarƙashin wani sabon suna da sabuwar lamba, mutane suna ta tambayar farashi a ƙasa, wannan ne ma ya sa na ga shiru bai halatta gare ni ba. Na sanar da bankina, na kai rahoto ofishin 'yan sanda, na kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tare da shaidar tura kuɗi da duk saƙonnin da muka yi musaya. Duk wanda ya faɗa hannunsa ya adana nasa saƙonnin kada ya goge, domin su ne shaidarsa.

Wanda ke Kano ya taka da ƙafarsa zuwa wajen masu ƙarfe a Ƙofar Ruwa, na Kaduna ya nufi Panteka, na Abuja ya je Dei-Dei, kuma ya tafi da mai waldar da ya amince da shi. Fallen yakan zo da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, saboda haka a nemi ganin sa kafin a yanka, a auna kaurinsa a bakin da ba a ninke ba, a duba ko akwai hatimin masana'anta a jikin ƙarfen kansa, a ɗora guntun da aka yanka a kan sikeli kafin a manna shi a kan kowane katako. A sa mai sayarwa ya rubuta lambar ƙarfen da kaurinsa a rasit da hannunsa, wanda ya ƙi rubutawa ya san abin da yake ɓoyewa. Idan kuma dole ne a saya daga nesa, kada a tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai kaya, kuma a riƙe kaso mai tsoka har sai wani naka ya gani ya auna.

Dattijon nan shi ya raka ni muka sayo wani fallen, aka yanka a gabanmu, ya hau sikeli ya ba da kilo 8 da ɗoriya, ya lanƙwasa shi ya yi waldar kusurwoyin da agon. Tsohon kuwa na bar shi a jingine a shagonsa da bakinsa a buɗe, yana nuna wa duk wanda ya zo neman saman tebur yadda ake ninke bakin falle.